Yadda Ake Raba Laburaren Kulle Bayanai da na Niƙa Kalmar Sirri

Kusan duk matashin da ya kawo mini manhajarsa in duba a nan Maradi, matsala ɗaya nake tararwa: duk laburaren da ya shafi sirri, wato shiryayyen kod da ake ɗauka a sa cikin manhaja, ya zube shi a jaka guda. To, kafin komi buɗe jaka biyu, ɗaya ta kullewa, ɗaya ta niƙa.

Kullewa tana da makulli, abin da aka rufe da AES, wani sanannen tsarin kulle bayanai, ana iya buɗe shi. Niƙa kuwa, wato mayar da kalma wasu haruffa da lambobi (hashing), ba ta da komowa, gyaɗar da ta zama ƙuli-ƙuli ta tafi ke nan. Kalmar sirri niƙa ta ake yi. Nan ne na fi ganin an faɗi. Wani yaro ya haɗa wa ɗan kasuwa manhajar rubuta bashi, ya kulle kalmomin sirrin mutane da AES, ya ajiye makullin a fayil ɗin da ke kusa da rumbun bayanan. A gabansa na buɗe, sai ga su reras, yawanci sunayen 'ya'ya da shekarar haihuwa. Ya ce, "Malam, ai na kulle su." Na ce, "Ɗana, duk wanda ya saci kwamfutar nan ya tafi har da makullin." Abin ya dame ni ƙwarai, domin da kalma ɗayan nan mutanenmu ke shiga Facebook da asusun kuɗinsu.

A jakar niƙa sa Argon2, wanda ya ci gasar tsare-tsaren niƙa kalmar sirri a 2015. In ba ka samu ba, bcrypt na 1999 ya wadatar, sai dai ba ya karanta abin da ya wuce bayit 72. Kada ka kusanci MD5, tsohon tsarin niƙa ne da ya yi rauni. Mai aiki da harshen PHP ya kira password_hash kawai, shi zai zuba gishirin da kansa, wato haruffan barkatai da ake haɗawa da kalmar kafin a niƙa ta, kuma ba ka kashe ko dala ba.

Rabuwar nan tana taimako ta fuskar doka. Har zuwa 1996 Amurka cikin kayan yaƙi take lissafa manhajar kulle mai ƙarfi, sai a 2000 ta sassauta sosai. Shi ya sa Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, ta daɗe tana ajiye irin waɗannan a wata sabar dabam a Holan. Dokar ba ta mutu ba, amma abin da aikinsa tantance mai shiga ne kaɗai ba ya cikin takunkumin. Ranar da App Store ya tambaye ka ko manhajarka tana kulle bayanai, jaka ɗaya za ka duba.

A jakar kullewa ni libsodium nake sawa, kada ka rubuta naka. Rubuta sunan kowane laburare, lambar fitowarsa da aikinsa a fayil guda. Sannan kashe tsofaffin makullan da aka raunana don fitarwa daga Amurka, masu bit 40 da 512, ta masu 512 ɗin ne harin da ake kira FREAK ya shigo a 2015.