Yadda ake kiwon gajerun tumakin kudu a Legas

Duk wanda ya taɓa ajiye ragon Balami ko Uda a Agege cikin damina ya san wahalarsa. Ragon da ya sauka daga tirela ƙato, bayan 'yan makonni sai ka gan shi da majina, yana ɗingishi. Laima ce ba ta karɓe shi ba. Shi ya sa mai son kiwon haihuwa a nan nake ba shi shawarar ya kama gajerun tumakin kudu, waɗanda 'yan uwanmu ke rainawa saboda ƙanƙanta. Tsayinsu ba ya wuce santimita 40 zuwa 60, tunkiya kuma takan kai kilo 20 zuwa 25. Amma suna jure ruwa, suna jure sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, ga haihuwa.

Mataki na farko, gyara wuri kafin ka sayi dabba. A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ruwan Legas yana tsananta daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma tunkiyar da ke tsayuwa cikin caɓi kofatonta ruɓewa yake yi. Ka kafa rumfa mai rufin kwano, ka ɗaga daɓenta da katako kamar taku biyu daga ƙasa, ka bar 'yar tazara tsakanin katakan don kashi da fitsari su riƙa zubewa. Iska ta ratsa, amma kada feshin ruwa ya shiga. Sakin su a titi kuwa, ka manta da shi, in ba rigima da maƙwabta da masu mota kake nema ba.

Na biyu, zaɓe. Ka buɗe bakin tunkiya: idan manyan haƙora biyu sun fito a gaban muƙamuƙin ƙasa, ta kai shekara ko ta ɗara kaɗan, wannan ce daidai. Duba ido, hanci, hantsa da ƙarƙashin wutsiya, kada a ga alamar zawo. Ragon wannan jinsi yana da ƙaho da geza a wuya da ƙirji, matan galibi ba su da ƙaho. In ka kawo sabuwa, ware ta mako biyu tukuna.

Na uku, abinci. Harawa tana da tsada a nan tunda daga arewa ake ɗauko ta, don haka ka haɗa da abin da garin ke da shi: dusa, ƙowar wake, ciyawar da aka yanka aka bari ta sha iska, da ɓawon rogo. Ɓawon nan sai ya bushe ƙayau a rana, domin ɗanyensa yana da guba. A ajiye musu kanwa ko gishirin lasa, da ruwa mai tsabta.

Na huɗu, rigakafi. A kira likitan dabbobi ya yi musu allurar PPR, cutar nan mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, wadda kan share garke. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa maganin allurar. Maganin tsutsar ciki kuma a ba su a farkon damina da ƙarshenta.

Sai barbara. Cikin tunkiya wata biyar ne, kuma idan tana ƙoshi za ta iya haihuwa sau uku a shekara biyu, wani lokaci tagwaye. A yaye 'ya'ya a wata uku. Wasu na haɗa ta da ƙaton Balami don 'ya'yan su yi girma. Ni ban yarda da wannan ba, ɗan kan yi mata girma ta sha wuya wurin haihuwa. In dole sai an gauraya, a nemi matsakaicin ragon 'Yankasa.

Matan ka riƙe su, su ne jarin. Mazan kuma ka turke su, masu suna za su nema, kuma wanda ya cika shekara ya isa layya, ko da maƙwabcinka ya yi masa dariya.