Yadda za ka kankare tsohon fentin jirgi ba ka zuba guba a ruwa ba

'Yan uwa masu jirage da masunta na Yauri da Argungu, wannan maganar taku ce. Akwai wani sinadari da ake ce ma TBT, da kuza ake haɗa shi, da can cikin fentin ƙasan jiragen teku ake zuba shi don kar gansakuka da ƙananan halittu su manne. Aiki kam yana yi, amma ɓarnarsa ta fi yawa, a gaɓar Arcachon ta Faransa sai da ya durƙusar da masu kiwon kawa har a 1982 gwamnatin Faransa ta hana shafa shi a jirgin da bai kai mita 25 ba, yarjejeniyar duniya da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008.

Abin da ya fi tayar min da hankali shine yadda yake dagula sinadaran jiki masu kula da haihuwa. Dodon koɗin teku, macen, sai ta tsiro gaban namiji har ta kasa zuba ƙwai. Ɓerayen da aka gwada ma garkuwar jikinsu ta yi rauni, masu ciki da aka ba su kuma 'ya'yansu suka taso da tara kitse. A dabbobi aka ga wannan, to amma ai ruwan da kifi ke sha shi yaranmu ke wanka a ciki.

Don haka in za ka sayi fenti karanta jikin gwangwanin, ka ga TBT ko tributyltin to ajiye ma mai shi kayansa. Wanda ba rubutu a jiki, ana ce maka ragowar na babban jirgi ne mai ƙarko, don Allah kar arha ta ja ka.

Jirgin ƙarfe ɗan gwanjo da ba ka san me aka shafa mai ba, jawo shi tudu nesa da bakin ruwa, shimfiɗa tamfol a ƙasa, ka jiƙa fentin kafin ka kankare don kar ƙura ta tashi, ban da gugar samfefa a bushe. Sa safar hannu da takunkumi, mai ciki da yara su yi nesa. Ka tattara ɓurɓushin a mazubi mai murfi ka tambayi ma'aikatan muhalli inda za a kai, kar ya koma kogi domin cikin laka yake kwanciya ya yi shekaru. Sai wanka da sabulu kafin ka taɓa abinci.

Gwangwanin fenti kar a mai da shi na ɗiban ruwa. Katakon tsohon jirgi mai fenti kuma, iyayenmu mata masu banda, ku yi haƙuri ku nemi itace, kar ku hura wutar kifi da shi.