Yadda Ake Saka wa Jita Fikof da Kanka Ba Tare da Ka Tsaga Ta Ba

Yara uku ke nan suna kawo min jitarsu nan Ƙofar Ƙaura da gindi a tsage, duk wai fikof, wato ɗan na'urar da ke ɗaukar sautin jita, suke son sakawa don a ji su a sifika wajen biki.

Fara duba tsirkiyarka. In ta roba ce manta da fikof mai maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin ramin jita, ƙarfe kawai yake ji. Ni dai piezo nake cewa a saya, wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa kansa, kuma wanda ya zo da firi-amf, wato ɗan abin da ke ƙara wa sautin ƙarfi, mai batir 9V, in ba haka ba sautin zai fito siriri kamar ana kaɗa gwangwanin madara. Na kamfanin Fishman da na LR Baggs ba magana, amma kuɗinsu sai mai hali, na China ma yana yi in dai koyo kake.

Yanzu wajen da kowa ke kwafsawa, ramin jak, wato inda ake soka kebul. Cire maɓallin gindin jita inda ake rataya igiya, za ka ga ɗan rami, shi za ka faɗaɗa ya kai milimita 12. Don Allah kar ka ɗauko bakin huda na 12 ka danna kai tsaye. Haka na yi wa jitata ta farko cikin hunturu, katako ya bushe ƙayau, bakin ya cafke ya fizge, na ji ƙwas, fenti ya ɓantale har da ɓarin katako, wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ka liƙa salatef na takarda a wajen, ka samo bakin huda mai hawa-hawa ɗin nan mai kama da tsani, in babu ka ara wajen kafinta ko mai walda, ba sai ka saya ba don rami ɗaya. Wani ya riƙe maka jitar kan tabarma ko katifa, kai kuma ka riƙa ci hawa ɗaya ka tsaya ka hure garin katakon ka duba. Injin hudar ya tsaya a miƙe, in ya karkace noti ba zai zauna daidai ba kuma nan gaba jak ɗin zai dinga rawa.

Sauran da sauƙi. Sassauta tsirkiyoyi, zare ƙashin, huda ɗan rami kamar milimita 3 a ƙarshen gurbinsa ka zura wayar fikof ɗin. Sai ka goge ƙasan ƙashin daidai kaurin fikof ɗin, ka shimfiɗa sanfefa kan gilashi don ya fito a baje sumul, in ya yi tudu wata tsirkiyar za ta yi ta ihu wata kamar ba ta nan.

Hannu ba ya kaiwa gindin jita ta ciki, don haka zura wata waya ta ramin gindin da ka faɗaɗa ka jawo jak ɗin daga ciki da ita, ɗaure noti, maƙale batir da wayoyi kar su riƙa kaɗawa. Jona amfilifaya da ƙara a ƙasa tukuna. In ta fara kuka toshe babban ramin gaban jitar da murfin roba, kar kuma ka tsaya gaban sifika. In ka gama kiɗa zare kebul, barinsa a ciki shi ke cinye batir.