Alƙalin Amurka shekarun da ke cikin fasfo ya sani

Tun da na zo hutu, zaurenmu a ƙauye kusa da Ringim bai rabu da masu tambaya ba, yawanci malamai da ma'aikatan jinya masu shirin kwasar iyali zuwa Amurka. Tambayar ba ta wuce sanyi, kuɗin haya da naman halal. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Ka sayi rigar sanyi, ka nemi masallaci, mutanenmu na Niyok da Atlanta ba sa barin baƙo ya kwana a titi, kuma ina alfahari da hakan. Abin da ba wanda ya tambaye ni shi ne: idan aka zargi ɗana ɗan shekara 15 da laifin lalata, wace kotu za a kai shi? Da na ɗauko zancen sai a ce "Allah ya kiyaye". Amin, amma ku saurara.

A gida balaga muke dubawa, a can lissafin shekaru ake yi. Tun 1899 aka buɗe kotun yara ta farko a Shikago, kuma a yawancin jihohi wanda bai cika 18 ba can ake kai shi, inda gyaran hali ne a gaba. Sai dai kowace jiha da dokarta. A Teksas, Jojiya da Wiskonsin ɗan shekara 17 babba ne a gaban shari'a. Idan tuhumar fyaɗe ce, shekarun sauka suke yi: a Jojiya daga 13 kotun manya ke karɓar shari'ar, a Niyok daga 14. Wani wurin doka ce ta yanke haka kai tsaye, wani wurin mai gabatar da ƙara ke zaɓa, wani wurin kuma alƙalin yara ke miƙa yaron bayan ya saurari lauyoyi.

To, ga inda muke cutar kanmu. Nawa ne cikinmu aka yi wa takardar haihuwa a ƙauye? Sai tafiya ta taso a garzaya kotu a yi rantsuwar shekaru, mai cike takarda ya rubuta 1 ga Janairu don sauƙi, uba yana tsaye bai ce uffan ba. Wani ma ƙara wa yaro shekara yake yi wai don ya fara aiki da wuri. Akwai wani bawan Allah ɗan yankinmu a Teksas da ɗansa ya shiga rigima kan hotunan tsiraici da suka riƙa turawa juna a waya da wata 'yar ajinsu. A fasfo yaron ya cika 17. Uwarsa kuwa ta rantse lokacin yankan dawa ta haife shi, saura watanni kenan ya cika. Na ga katin rigakafinsa da aka aiko daga gida, ya yi jawur, tawada ta baje, hatimin asibitin da ƙyar ake karanta shi. Da wannan guntun kati lauya ya yi ta fama, alhali duk takardun da uban ya sa wa hannu suna ƙaryata shi.

Bambancin kotunan biyu ba ƙarami ba ne ga baƙo. A dokar shige da fice, hukuncin kotun yara ba a lissafa shi daidai da hukuncin laifi na manya. Amma idan kotun manya ta kama yaro da fyaɗe ko lalata da ƙaramar yarinya, katin zama ba zai hana a tasa ƙeyarsa gida bayan ya gama zaman kurkuku ba. Kada kuma ku ɗauka kotun yara wasa ce. Dokar tarayya ta 2006 ta nemi jihohi su sa ɗan shekara 14 zuwa sama da aka kama da mummunan laifin lalata cikin rajistar masu irin wannan laifi, kuma sunan da ya shiga can yakan sha wuyar samun haya da aiki.

Ba ina kare mai laifi ba ne. Wanda ya keta haddin 'yar mutane ya cancanci hukunci, kuma idan 'yarka aka taɓa, ka kai ƙara, kada kunya ta sa ka rufe. Amma ku bar ɗabi'ar tura dattawa gidan su yarinya neman sulhu kamar a gaban dagaci. Shari'ar ta gwamnati ce, iyaye ba su da ikon janye ta, kuma zuwan naku ana iya ɗaukarsa ƙoƙarin toshe bakin shaida, sai a haɗa da ku. Kada yaro ya yi wa 'yan sanda bayani sai da lauya, wanda bai da hali kotu za ta ba shi. Ka gaya wa lauyan tun ranar farko cewa yaron ba ɗan ƙasa ba ne, domin tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta masa faɗakar da ku haɗarin kora kafin a amsa laifi.

Masu shirin tafiya, ku zauna da iyayen yara mata ku tantance ranar haihuwar kowa, ku je ofishin Hukumar Ƙidaya a yi takarda, a tabbatar ta dace da ta katin ɗan ƙasa, sannan a nufi ofishin fasfo.