Kurakuran da ke kashe guruf ɗin karatu na WhatsApp, da yadda za ku gyara

Duk shekara da zarar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta buɗe rajista sai ka ga guruf-guruf na karatu suna ta ɓullowa a WhatsApp, wani ya buɗe ya raɗa masa suna mai daɗi ya watsa linki a sitatus, kafin dare mutum ɗari biyu sun shigo. Satin farko ana ta sallama da gabatar da kai, na biyu ana ta turo PDF, na uku kuma tsit kake ji. Abin yana damuna sosai ƙannena, don na san yawancinku da gaske kuke son karatun nan, tsarin ne tun farko bai yi ba.

Yawan jama'a shi ne ciwon farko. WhatsApp ya yarda guruf ɗaya ya ɗauki mutum 1024, amma ba a yin karatu a cikin taro irin wannan, kowa jira yake wani ya fara, mai tambaya kuma kunya yake ji kar a ce bai iya ba. Mutum huɗu zuwa shida sun isa, yadda in ɗaya bai zo ba nan take za a lura a kira shi. Babban guruf ɗin kar ku fita, ku mai da shi wajen neman abokan karatu: ku sa ido kwana biyu ku ga wa ke amsa tambaya da bayani, wa ke tambaya mai ma'ana, sai ku yi musu magana ku ware naku ƙarami. Kuma ku duba darussan kowa, mai neman likitanci da zai rubuta Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji ba abin da zai haɗa shi da mai neman lauya in ba Turanci ba, to me zai sa su zauna aji ɗaya kullum?

Sai zaɓen aboki don abota. Aminin da kuke hirar ƙwallo da shi har ƙarfe ɗayan dare mutumin kirki ne, amma in kun san haɗuwarku hira ce to ku bar shi a matsayinsa. Ba kuma sai wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa ba, mai zuwa a kan lokaci ya yi aikin da aka ba shi ya fi muku amfani nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai da guruf rumbun ajiya. A turo littafi mai shafi ɗari huɗu, kowa ya sauke ya ce Allah ya saka da alheri, wayar ta cika har ta fara nauyi, kuma wallahi ba wanda ya buɗe shafi na biyu. Ko a turo tambaya, wannan ya rubuta "B ce", wancan ya ce "a'a C", na uku ya ce a bayan littafi B aka sa, shikenan an wuce. Ba wanda ya ƙaru, ga shi littattafan tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a kasuwa akan sami amsar da ba daidai ba a cikinsu, sai ku haddace kuskure ku shiga da shi ɗakin jarrabawa.

Gyaran shi ne kowa sai ya koyar. Ku ɗauko manhajar JAMB, tana shafinsu kyauta, ku raba batutuwa. Misali ranar Litinin bayan isha'i wadda aka bai wa lissafin iskar gas a Kemistiri ta warware tambaya uku a takarda da hannunta, ta ɗauki hoto ta turo, ta biyo da saƙon murya na minti uku tana bi layi-layi da Hausa yadda kowa zai gane. Sai wani ya ce tsaya, me ya sa kika raba da 22.4 a layi na biyu? In ta iya faɗa to ta gane, in ta kakare to an gano inda ramin yake tun kafin ranar jarrabawa, sai a buɗe littafin makaranta a duba tare. Ku kafa doka cewa ba a karɓar amsa sai da dalili, ko da mutum ya dace da daidai. Wanda yake jin shi ne mafi rauni shi ma a ba shi batu ko ƙarami ne, kar a bar mutum ɗaya ya zama malamin kowa, zai gaji ya gudu guruf ɗin ya mutu.

Rashin lokaci tsayayye ma yana kashe tafiya. "Duk wanda ya samu dama ya yi magana" ba tsari ba ne. Ku zaɓi ranaku uku a sati da awa ɗaya takamaimai, ku yi la'akari da sallah da Islamiyya da masu zaman shago da 'yan mata masu aikin gida da yamma, ku jefa ƙuri'a a cikin guruf ɗin sannan ku maƙala jadawalin a sama. Kar ku dage a kan kiran bidiyo, yana shan data ga matsalar sabis da caji, Zoom na kyauta ma minti 40 yake yankewa. Kiran murya da hoton takarda sun wadatar, wanda wuta ta hana shi kuma ya saurara da safe.

Da yawa kuma ba sa gwada kansu da agogo. Tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci sai 40-40 na sauran ukun, wato kusan daƙiƙa 40 kowace tambaya. To ranar Asabar wani ya turo tambaya 20, a ba da minti 13, kowa ya tura amsarsa ga mutum ɗaya a keɓe don kar a kwafa, bayan nan a tattauna waɗanda aka faɗi. Ku fara wannan da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar doka kuma, adimin ya daina jin nauyin mutane. Talla, siyasa, sitika, saƙon "tura wa mutum goma", duk a hana tun ranar farko. Wanda ya yi sati biyu ba aiki ba uzuri a yi masa magana a keɓe cikin mutunci, in bai canza ba a cire shi. Wanda kuma ya ɗauki lambar yarinya daga guruf ya bi ta da saƙonnin da ba na karatu ba, wannan ba sai an yi masa gargaɗi ba, don irinsa ne ke sa iyaye su hana 'ya'yansu mata shiga gaba ɗaya.

Ku kula da 'yan damfara, linkin da aka watsa a fili kowa yana iya bi. Za su ce suna da tambayoyin bana ko za su ƙara muku maki bayan sakamako ya fito, ku turo kuɗi, ƙarya ce, kuma ko da gaskiya ce satar amsa ce da za ta iya jawo a soke sakamakonku. Wani zai kira ya ce akwai darasi da daddare karanto mini lambobi shida da suka shigo wayarka, kana faɗa ya ƙwace WhatsApp ɗinka ya fara roƙon kuɗi da sunanka. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, adimin ya sa sai da amincewarsa ake shigowa, kuma kar kowa ya saka NIN ɗinsa ko takardar rajistarsa a guruf.

Sannan jarrabawar a kwamfuta za ku rubuta ta, ba a waya ba. Ku haɗa kuɗi ku je wata cibiyar CBT, wato wajen rubuta jarrabawa a kwamfuta, da ke kusa ku gwada ko sau biyu ne, wanda ya samu hali kuma ya yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gasken, ya dawo ya faɗa wa sauran inda lokaci ya fi cinye shi.