Yawon babur mai ƙafa huɗu a Zanzibar, daga jar ƙasa zuwa bakin teku

A Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, yawon yakan tashi ne daga garuruwan gaɓa irin su Nungwi, Kiwengwa da Paje, ya ci awa 3 zuwa 4. Za a ba ka hular kwano, a yi maka ɗan gwaji, sannan ka bi jagora a layi. Kafin ka sa hannu a takarda, tambayi wa zai biya idan babur ya lalace, kuma ka ɗauki hoton duk wata tsaga da ke jikinsa.

Ko wanda ya saba da babur mai ƙafa biyu yana iya shiga haɗari. A nan ba murɗa totur ake yi ba, da babban yatsan dama ake danna shi, don haka mai ƙanƙame kan babur saboda tsoro sai ya ƙara wuta bai sani ba. Babur ɗin kuma ba ya kwanciya a kwana. Rage gudu tun kafin ka isa, ka karkata jikinka zuwa ɓangaren da za ka juya, in ba haka ba tayoyin ciki su ɗaga ya kife. Kada ka sauke ƙafa ƙasa yana tafiya, tayar baya za ta taka ta. Babbar riga, jallabiya da dogon gyale a bar su a masauki, domin taya na iya naɗe su. Mace ta sa wando mai kauri, ta cusa hijabinta cikin riga. A hagu ake tuƙi idan an hau kwalta.

Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama na maida hanya taɓo. Bayan ka ratsa kududdufi, taɓa birki sau biyu ko uku ya bushe. Lokacin rani kuwa ƙura ce, sai tabarau da ƙyallen rufe hanci, da tazarar kamar mita 10 daga na gabanka. A ƙauye tafi a hankali saboda yara, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Batun teku, tambayi lokacin cikar ruwa tun da safe. A gabashin tsibirin ruwa kan janye nesa ƙwarai, kuma sai bayan kamar awa 6 yake cika. Shiga da takalmin roba mai rufe yatsu, domin akwai bushiyar teku, wata ƙaramar halitta mai ƙaya, tsakanin duwatsu, ƙayarta kuma karyewa take yi a cikin tafin ƙafa.