Bayan fanel ɗin ƙaramin jirgi: kurakuran da yaranmu suka ƙi dainawa

Duk shekara sai an turo mana sababbin yara, wasu daga kwalejin jiragen sama ta Zariya, wasu daga wasu wuraren, kai cike da karatu. Amma ka ce wa ɗaya ya shiga bayan fanel ɗin ma'aunai ya bi wata waya, nan za ka riƙe baki. Na gaji da nanata magana ɗaya a rumfar jirage cikin zafin Kano, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wanda ya bar min tabo. Kashe babban makunni daban, cire batir daban. Ina matashi a aikin nan, na kwanta rigingine a ƙasan fanel ɗin wata Cessna 172, kai kusa da fedoji, ƙafafu a waje, agogon ƙarfe a hannu. Makunni a kashe yake, na ce ai shi ke nan. Wani abokin aiki ya zo, bai ma lura da ni ba, ya miƙo hannu ta ɗaya ƙofar ya kunna don ya gwada fitila. A daidai lokacin maɗaurin agogona yana kan sandar tagullar da ke bayan layin bireka (maɓallan da ke yanke wuta in ta yi yawa), gefensa kuma ya taɓa ƙarfen jirgi. Tartsatsi, warin ƙuna, ihu. Har yau zanen agogon yana wuyan hannuna. Kada wani ya ce min "Oga, ai bolt 24 ne kawai." Ba girgiza ce matsalar ba. Batirin da zai iya juya inji zai mayar da zobenka garwashi kafin ka zare hannu. Kuma ko makunnin bai motsa ba, a jirage da yawa wayar agogon fanel tana da wuta kullum, daga batir take zuwa ta kan ɗan fis ɗinta.

Ga yadda nake yi. Wayar nagatib nake fara cirewa, domin jikin jirgin kansa shi ne nagatib: in ka fara da fozitib, sifana ta goga ƙarfe, ka haɗa wuta. Sai in naɗe bakin wayar, in rataya jan ƙyalle a sitiyari, agogo da zobe da mukullin jirgi duk su shiga aljihuna. Wajen mayarwa nagatib ce ta ƙarshe.

Cire batir ma bai kashe magineto ba, wato na'urar da ke ba inji tartsatsin da ke kunna mai, don shi da kansa yake samar da wutarsa. Abin a juye yake: mukulli yana kashe shi ne ta hanyar haɗa 'yar wayarsa da jikin jirgi. Ka fizgi wayar nan a bayan mukulli ta tsinke, magineto ya farka ke nan, ko da mukullin yana aljihunka. Wanda ya juya farfela da hannu, inji zai iya tashi ya rasa hannun. Duk wanda ya yi aiki kusa da mukulli, a gwada a ƙasa da inji a kunne a tabbatar mukullin yana kashe shi, kuma kafin nan ba mai jingina da farfela.

Yanzu ga wanda yake tafasa min zuciya. Sitiyarin nan ba a fuskar fanel ya tsaya ba. Sandarsa tana ratsawa ciki, tana tafiya gaba da baya, akwai sarƙa da igiyoyi a can. Yaro ya gama aiki, ya tattara wayoyi ya ɗaure su tsaf a inda ya ga fili, bai san filin nan hanyar sandar ba ce. Na taɓa sa hannu a aikin wani yaro ba tare da na leƙa ba, don Magariba ta kawo jiki. Washegari matuƙi yana gwajin sitiyari kafin tashi, ya ja baya, ya ji ya cije a rabi. Ya kashe inji ya sauko, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Injiniya, zo ka ja da kanka." Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Curin wayar rediyo ne ya rataye a kan sandar. Da a sama abin ya faru, lokacin sauka, da yanzu wani labarin ake yi. Laifin yaron ne? Nawa ne, sunana ne a littafin jirgi, lasisina ne a hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Tun ranar, ba na rufe fanel sai na kwanta da tocila ina kallo, wani yana jan sitiyari har ƙurewa, gaba, baya, dama, hagu, sannan baya da dama a haɗe, baya da hagu a haɗe. Wanda ya ce min ya riga ya gwada, sai in ce madalla, sake mu gani. Ku ji haushina, ba komai.

Bututan iska kuma ba mariƙin hannu ba ne. Siraran robobin da ke shiga ma'aunin tsayi da na gudu, ɗan sassauci kaɗan ya isa su yi wa matuƙi ƙarya. In ka kwance na iskar tsaye, wato wanda ke kai wa ma'aunai matsin iskar waje, dole a yi gwajin yoyo: a zuƙe iska har ma'aunin tsayi ya ƙaru da ƙafa 1,000, a jira minti 1, kada ya zube fiye da ƙafa 100. Kuma don Allah kada ka hura bututun da baki alhali ma'auni yana haɗe, za ka lalata shi. Duk bututun da ka buɗe ka toshe bakinsa nan take, musamman da hunturu, lokacin da ƙura take shiga har cikin kunne. Ma'aunai masu juyi, wato masu ɗan faifai mai juyawa a ciki, ba sa shiri da ƙura, kuma a ɗauke su kamar ƙwai.

Tsofaffin jirage bututun man inji yana zuwa har bayan ma'auni. Ka bar shi sako-sako, matuƙi ya sha baƙin mai a gwiwa.

Wayar mota daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ba ta shiga jirgi. Robarta in ta ƙone hayaƙinta guba ne, ga ɗakin matuƙi kamar akurki. Wayar jirgi mai farar rigar Tefzel ake sawa, kauri daidai da abin da littafi ya ce. Bireka kuma waya take karewa: in tana faɗuwa, nemo dalili, ba ka sa babba ba.

Kusa da kamfas, sukurun tagulla, ba na ƙarfe ba. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai, ka manna lamba a kowace waya, don ƙwaƙwalwar da kake taƙama da ita ba ta kai La'asar. Jelar robar ɗauri a yanke ta daf, in ba haka ba ni za ta yanka gobe. Kada a danna maɓallin magana na rediyo babu eriya a haɗe.

Ni kujerar matuƙi nake cirewa gaba ɗaya in shimfiɗa tsohuwar darduma, bayana ya daina yarda da lanƙwasa. Yara suna dariya, su kan maƙale a gefe su yi aiki da lalube, daga nan ake tsinka wayoyi. Amma in ka cire kujera, ka mayar da 'yan ƙarafan da ke tare ta a kan layinta, ka zauna ka jijjiga ta ka ji ta kama. Sannan ka ƙirga kayan aikinka kafin ka rufe. Makon jiya ma ƙaramar filaya muka tsinta kwance a bayan feda, mai ita yana can yana shan shayi.